Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ƙungiyoyin marubutan onlayin: ku zo ku ji yadda ta kasance da May Agnes Fleming

Assalamu alaikum warahmatullah. Antocinmu da yayyenmu masu riƙe da ƙungiyoyin marubuta a WhatsApp da Facebook da Wattpad, ina gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, ya taifin, ya kuma haƙuri da mu makaranta masu damunku kullum da ina ci gaba ina ci gaba. Ni makaranciya ce kawai, ban taɓa rubuta littafi ba, amma na daɗe ina biya ina karantawa kuma ina ganin abin da ke faruwa da ku, shi ya sa na ce bari in kawo muku labarin wata mata 'yar Kanada da ta yi irin sana'arku tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, don akwai abin da nake son ku yi, kuma in ban fara da labarinta ba za ku ce surutu ne irin na masu kwament.

Sunanta May Agnes Fleming. An haife ta a watan Nuwamba 1840 a garin Saint John da ke New Brunswick a gabashin Kanada, gari ne na bakin teku, iyayenta 'yan Ailan ne masu bin ɗariƙar Katolika, sunan gidansu Early. A makarantar sistoci ta yi karatu. Tun tana budurwa ta fara aika gajerun labarai zuwa jaridun Amurka, jaridar New York Mercury na cikin waɗanda suka fara buga mata, kuma ba da sunanta na yanka ta fara fitowa ba, Cousin May Carleton take sawa, kamar dai yadda namu suke sa Maman wance ko Ummu wane a saman feji. Carleton ɗin ma sunan wani yanki ne na garinsu. Dalilin da ya sa take aikawa Amurka a fili yake, Kanada a lokacin mutanenta kaɗan ne, mujallunta ba su da ƙarfin biyan marubuci abin da zai ci ya sha, kasuwa tana New York da Boston da Philadelphia.

Jaridun da take wa rubutu na labarai ne zalla, suna fitowa mako mako a farashi mai sauƙi wanda ma'aikaciyar masaƙa ko 'yar aikin gida za ta iya saya, a kowace fitowa sai ka tarar da labarai uku ko huɗu suna tafiya tare, wannan yana farko wancan yana tsakiya wani kuma ya kusa ƙarewa, saboda kar a samu makon da mai karatu zai ce to na gama na huta da saye. Kowane kashi dole a yanke shi a daidai inda rai zai tsaya, an buɗe ƙofa ba a faɗi wanda ya shigo ba, an miƙa wasiƙa ba a karanta ba. Ai ba sai na yi muku bayanin wannan ba, ku ne malamansa, mu muka san yadda muke kwana da haushi in an yanke mana feji ana tsaka da rigima a falon Hajiya.

Irin labaran nata kuwa soyayya ce da aka cakuɗa da tsoro da asiri. Tsohon gida mai ɗakin da ba a buɗewa, auren ɓoye, jaririn da aka musanya, matar da aka ce ta mutu sai ga ta ta dawo, magajin dukiya da bai san kansa ba, hauka da ke bin jinin dangi. Akwai wani nata da ya fito a farkon shekarun 1860, The Midnight Queen, wanda ta kafa shi a Landan lokacin annobar 1665 da ta kashe dubban mutane. A farkon labarin wasu samari biyu suka shiga wani gida suka tarar da amarya kwance cikin kayan aurenta da gwala-gwalanta ba ta motsi, kowa ya gudu ya bar ta saboda an ga tabon annoba a jikinta, aka ɗora ta a amalanken kwasar gawa aka nufi ramin da ake zuba matattu, sai da aka kai bakin ramin sannan aka gane da ranta. Ɗaya daga cikin samarin, Sir Norman Kingsley, nan take ya kamu da son ta, yarinyar da bai san sunanta ba, mai ɗauke da cutar da kowa ke gudu. A cikin labarin akwai wata mai duba ana ce mata La Masque, tana da diri da murya mai daɗi amma ba ta taɓa cire abin rufe fuskarta, abokin Sir Norman yana mutuwar son ta yana roƙon ta buɗe, ranar da ta buɗe ɗin abin da ya gani ƙoƙon kan gawa ne. Ga wata fada a ƙarƙashin kango da 'yan fashi suke zaman sarauta da tsakar dare, ga Sarki Charles na biyu da kansa yana yawo a gari da ɓad da kama. Duk a littafi ɗaya fa. In da yau aka saki wannan a guruf wallahi sai waya ta yi zafi.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne A Terrible Secret na 1874. An kashe wata matashiyar matar aure a gidan mijinta Sir Victor Catheron, zargi ya faɗa kan 'yar'uwarsa Inez wadda dama ita aka so ya aura kuma kowa ya san ba ta ƙaunar amaryar, ita kuwa ta yi gum ta ɗauki baƙin jinin, alhali ta san mijin ne da hannunsa ya yi kisan cikin kishi da taɓin hankali. Shekaru suka ja, ɗan da aka bari a zanin goyo ya girma ya nemi auren wata 'yar Amurka mai suna Edith Darrell, yarinya talaka mai girman kai wadda ta yarda da auren don kuɗi da suna alhali zuciyarta na wurin wani, kuma marubuciyar ba ta ɓoye mana hakan ba. Gab da biki uban ya faɗa wa ɗan gaskiyar abin da ya faru, a ranar ɗaurin auren ango ya gudu ya bar amarya saboda tsoron kar abin da ya kama ubansa ya kama shi ya kashe ta. Edith ba ta zauna tana kuka tana jiran a zo a ba ta haƙuri ba, ta ƙi karɓar kuɗinsa ta tafi Landan ta kama aikin ɗinki tana ci da kanta. Matan da May Agnes ke ƙirƙira haka suke, akwai baki akwai taurin kai, suna yin kuskure da idonsu a buɗe, kuma aure mara daɗi ya cika littattafanta.

Ba wai ina cewa rubutunta ba shi da aibu ba. Akwai jan labari, akwai haɗuwar bazata da hankali ba zai ɗauka ba, mutum ya bar Amurka ya je Ingila kuma cikin duk mutanen Landan sai ya yi karo da wanda yake gudu a bakin titi. Kuma tana 'yar Kanada amma rabin labaranta a gidajen masu sarautar Ingila suke, saboda abin da masu saye suke so ke nan, kaɗan ne irin littafinta Kate Danton da ta kafa a Kanada. Wannan ma ciwon mun san shi, kowane jarumi sai ya zama ɗan shugaban ƙasa ko soja mai jirgin kansa, gidan kuma a Maitama ko Dubai. Wanda ake biya gwargwadon yawan fitowa dole ya ja zare, ita ma ta ja. Amma ba gyaran alƙalami ne ya kawo ni ba, wannan tsakaninku ne da masu sharhi.

Abin da ya kawo ni shi ne yadda matar nan ta san kuɗin aikinta. A ƙarshen shekarun 1860 jaridar Saturday Night ta Philadelphia ta ƙulla yarjejeniya da ita cewa su kaɗai za ta riƙa yi wa rubutu, da sunanta ya ƙara girma sai kamfanin Street and Smith masu New York Weekly suka ɗauke ta da farashin da ya fi wancan. Kuma labari ɗaya sau uku take cin kuɗinsa, New York Weekly su biya ta su buga shi kashi kashi a Amurka, London Journal su biya ta su buga shi a Ingila, in ya ƙare kamfanin G. W. Carleton ya haɗa shi ya zama littafi mai bango ta riƙa karɓar kasonta a kan abin da aka sayar. Da haka ta kai tana samun sama da dala 10,000 a shekara a zamanin da lebura ke shekara bai ga dala 500 ba, har ana lissafa ta a matsayin marubuciyar Kanada ta farko da littattafanta suka yi irin wannan kasuwa. Kuma ku sani lokacin satar fasaha ta fi ta yanzu tsaurin ido, Amurka ba ta yi dokar kare haƙƙin marubutan ƙasashen waje ba sai 1891, kafin nan mai injin buga littafi a New York zai ɗauki littafin Bature ɗan Ingila ya buga ya sayar ko sisi bai ba shi ba, na Toronto ma su rama a kan na Amurka, har shahararren marubucin Amurka Mark Twain sai da suka yi masa haka da littafinsa Tom Sawyer a 1876. A cikin wannan kasuwar ta 'yan wawaso ita ta zauna ta tsara wa za a sayar wa me, a wace ƙasa, a kan nawa, kuma a rubuce.

Yanzu ku dubi namu. Baiwar Allah za ta kwana tana taifin da babban yatsa a waya mai fasasshen gilashi, ga yara ga girki ga rashin wuta, ta saki fejin kyauta goma ko ashirin, sannan ta ce ci gaba naira 500 ta ajiye lambar asusu, masu tsoron Allah mu biya a sa mu a guruf. Kafin azahar wata da ta biya 500 ɗin ta kwashe ta watsa a guruf goma. Kafin wata ya ƙare wani ya haɗa shi dakumen ya ɗora a shafinsa yana cin kuɗin talla, wani kuma ya karanta shi da murya ya ɗora a YouTube da hoton 'yar Indiya a gaba, dubban mutane suna saurare, wani lokacin ma ko sunan mai littafin ba a ambata. Makamin da ya rage mata shi ne ta rubuta a saman feji cewa duk wadda ta fitar min da littafi ban yafe ba, Allah ya isa. Allah ya isa gaskiya ce kuma tana kama mutum, amma ba ta hana ku ɗaukar takarda da biro. Na ga marubuciyar da mai shirya fim ya kira ta a waya ya ce yana son labarinta, ta ji daɗi ta ce ba komai Yaya, aka tura mata ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, babu takarda babu shaida, aka yi fim mai dogon zango da shi ana ta zuba kashi kashi, ita kuma tana gefe tana kallo a wayarta da datar da ta saya da kuɗinta. Murya daban, fim daban, bugun takarda daban, fassara daban, kowanne ciniki ne mai zaman kansa, amma sai a haɗa su duka a sallama da kalmar ba komai.

Doka kuma tana nan. Najeriya ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 wadda aka sa wa hannu a 2023, ta shafi abin da aka ɗora a intanet har da hanyar neman a sauke abin da aka sata, akwai hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasa da ake iya yi wa aiki rajista a wurinta, YouTube ma yana da fom na kai ƙara. Ta fuskar addini ma majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yanke tun 1988 cewa haƙƙin wallafa haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a ci shi ba. Marubuciya ɗaya a ɗakinta ba za ta iya bin wannan duka ba, ƙungiya ce za ta iya, in dai aikin ƙungiya ya wuce sa tambari a saman feji da taya juna murnar kammala littafi.

Sauran labarin May Agnes ba daɗi. Ta yi aure a 1865, ta haifi 'ya'ya huɗu, auren bai yi albarka ba, mijin mashayi ne, ta koma Brooklyn ta New York da zama a shekarun 1870 ita ke riƙe da gida da alƙalaminta, suka rabu. Ciwon ƙoda ya kama ta, ta rasu ranar 24 ga Maris 1880 tana da shekara 39. Kafin ta rasu ta rubuta wasiyya ta bar dukiyarta ga 'ya'yanta ta cire mijin. Kar wata ta ce na ce a yi haka, mu Allah ya riga ya raba mana gado kuma ba mai taɓa shi, abin lura kawai shi ne abin da littattafanta suka samar ya shiga cikin abin da za a gada. Mu fa? In marubuciya ta rasu yau, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, masu rabon gado za su lissafa gado da katifa da sarƙa da firji, ba wanda zai tuna akwai littattafai goma sha a cikin wayarta da har gobe ana karantawa ana samun kuɗi da su, alhali a dokar Najeriya haƙƙin littafi yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, na marayunta ne. Sau da yawa ma dangin ba su san tana rubutu ba, ko sun sani ba su san da wane suna ba.

Duk da wayonta kuwa, da ta mutu sai aka ci kasuwa da sunanta. Shekara da shekaru sababbin littattafai suna fitowa da sunan May Agnes Fleming a bango, wasu tsofaffin labaranta ne na jarida aka sauya musu suna aka sayar wa mutane kamar sabo, wasu kuma wasu mutane daban ne suka rubuta aka liƙa mata saboda sunan yana sayar da kaya, har ta kai masu bincike suna shan wahala wajen tantance wanne ne nata wanne ne ba nata ba. Wannan matar da ke da yarjejeniya a rubuce ke nan. To ina ga wadda sunanta Maman wance, kuma akwai Maman wance guda biyar a onlayin? Tun da ranku ma ana cire sunan wata a saman littafi a sa na wata, ana sauya sunan jarumai a ce sabon labari ne, ana buɗe shafi da sunan fitacciyar marubuciya a karɓi kuɗin mutane, wani lokacin a rubuta batsa a jingina wa wadda ba ta ji ba ba ta gani ba, a ɓata mata suna a gidan aurenta. In mai rai tana iya fitowa ta yi rantsuwa ta kare kanta, wadda ke kabari wa zai yi mata?

Akwai kuma maganar ajiya. Manyan masana adabin Kanada sun daɗe suna yi wa May Agnes kallon marubuciyar kasuwa, sai can baya masu bincike irin su Lorraine McMullen suka koma suka tono tarihinta, kuma sun samu abin tonowa ne saboda takarda ce, ɗakunan karatu sun ajiye jaridun da littattafan, yau ga wasu littattafan nata nan kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg duk mai jin Turanci zai iya saukewa. Namu na takarda ma sun sha irin wannan rainin, an kira su adabin kasuwar Kano, an yi ta muhawara a jaridu, a 2007 har ƙona su aka yi a bainar jama'a a Kano, amma duk da haka akwai waɗanda suka tara su, Farfesa Graham Furniss da abokan aikinsa sun tattara ɗaruruwa sun yi musu kundin sunaye, malamai irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu a kansu. Na onlayin fa ina suke? Suna cikin waya. Waya ta faɗa ruwa ko an sace ta a kasuwa ko an rufe lambar WhatsApp, shi ke nan, sai ka ga marubuciya da kanta tana cigiya a guruf, dan Allah wa ke da littafina kaza daga feji na ɗaya, kuma abin takaici kwafin da za a turo mata na ɓarayin nan ne da suka haɗa dakumen, da kurakurai da tallan maganin mata a tsakiya.

Don haka ga roƙona gare ku shugabanni. Kowace ƙungiya ta buɗe rajista ta sirri, sunan alƙalami da sunan gaskiya da jerin littattafan kowace mamba da shekarar da ta fara da wadda ta gama kowanne, da sunan mutum ɗaya a danginta da za a nema in ta Allah ta kasance, a ajiye a hannun amintattu biyu ko uku saboda na san akwai waɗanda ba sa son a san su kuma suna da hujja. Duk littafin da aka kammala a karɓi cikakken kwafi daga hannun mai shi a adana a wuri fiye da ɗaya, in da hali a tuntuɓi sassan Hausa na jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo a ji ko za su karɓi ajiya. Sannan ku haɗa kuɗi, ko naira ɗari ɗari ce, ku samu lauya ɗaya ya rubuta muku takardar yarjejeniya da Hausa mai sauƙi, shafi ɗaya ta masu karantawa da murya, shafi ɗaya ta masu fim, a faɗi nawa ne, na tsawon wane lokaci, a wace tasha, da sunan wa za a sa, duk mamba ta san ba ta cewa ba komai Yaya sai an sa hannu. Ƙungiyoyin suna da yawa kuma na san ba duka ake ga maciji ba, amma takardar lauya ba ruwanta da wa ya yi wa wa habaici a sitatus, ɗaya ta ishe ku duka.

Mu ma makaranta da namu laifin, mu ne masu cewa a taimaka a turo min ta bayan fage, wannan kuma wasiƙa ce ta daban da zan rubuta mana. In akwai ƙungiyar da ta riga ta fara irin wannan rajistar ko tana da takardar yarjejeniya a hannu, dan Allah ta fito da ita fili sauran su kwafa, in kuma kuɗin lauyan ne matsala ku faɗa, akwai makaranta da yawa da za su sa hannu a aljihu, ni ma ina ciki.

Wassalam,
'Yar'uwarku makaranciya.